Farfaɗo da Gasar Kacici-kacici ta Talabijin: Me Zai Sa Ta Karɓu a Magarya da Dungas?

Gasar kacici-kacici ta talabijin, wato shirin da ake zaunar da ɗalibai ko wasu masu takara a gaban kyamara ana jefa musu tambayoyin ilmi ana ba su maki, tana cikin tsofaffin shirye-shiryen da gidajen talabijin suka fara da su, kuma tana cikin ƙalilan da sukan ɓace shekara da shekaru sannan su dawo su sake samun masu kallo. Abin da ya ba ta wannan tsawon rai shi ne sauƙin shiryawa, domin ba ta bukatar ƴan wasa ko yawon ɗaukar hoto, sannan tana jawo mai kallo cikin wasan, tunda duk wanda ya ji tambaya sai ya gwada amsa ta a ransa kafin mai takara ya buɗe baki. Duk da haka dawo da tsohon shiri yana da haɗari, musamman idan masu shi suka ɗauka cewa sabon ɗaki da fitilu masu walƙiya su ne zamani. Tarihin shirye-shiryen da aka farfaɗo da su ya nuna cewa ƙa'idojin wasan sukan zauna kusan yadda suke, kuma abin da ke bukatar sabon tunani shi ne waɗanda ake bari su shiga gasar, da harshen da ake yin ta da shi, da hanyar da take bi ta isa ga jama'a. Gundumomin Magarya da Dungas na kudancin jihar Damagaram, masu yawan jama'a da nisa daga Yamai, wuri ne da ya dace a auna waɗannan abubuwa.

Inda tsarin ya samo asali

Gasar makarantu irin wadda aka sani a ƙasashen da ke karatu da Faransanci ta taso ne daga Arewacin Amurka. Wani shiri mai suna College Bowl, wanda ya fara a rediyo a 1953 ya koma talabijin a 1959, shi ya kafa tsarin ƙungiyoyi biyu na mutum hurhuɗu, kowa da maɓallin ƙararrawa a gabansa, wanda ya riga dannawa shi ke da ikon amsawa. Ingila ta ɗauki tsarin a 1962 da sunan University Challenge, Kanada kuma ta fara nata na makarantun sakandare a 1961 da sunan Reach for the Top, wanda daga baya aka yi masa takwara na Faransanci, Génies en herbe, a gidan Radio-Canada daga farkon shekarun 1970 har zuwa 1997. Wannan na ƙarshen ne ya tsallaka zuwa Beljiyam da ƙasashen Afirka irin su Senegal da Kwaddibuwa, har sunansa ya zama gama-gari, makarantu da ƙungiyoyin matasa suna kiran gasarsu ta ilmi da shi ko da babu kyamara a wurin.

A Nijar, dangantakar talabijin da makaranta ta girmi talabijin ta ƙasa kanta, domin a 1964 aka fara talabijin ta makaranta da taimakon Faransa, inda ake shirya darussa a Yamai ana watsa su zuwa azuzuwan firamare, wasu akwatunan ma da hasken rana ake kunna su. A kan kayan aiki da ma'aikatan wannan gwaji aka gina Télé Sahel, wadda ta fara watsa shirye-shirye ga kowa da kowa a 1979 a zamanin Seyni Kountché, kuma gwamnati ta kafa akwatunan kallo na gayya a ƙauyuka saboda ƙalilan ne ke iya sayen nasu. Duk shirin gasa da aka yi wa wancan zamani ya dogara da tasha ɗaya, da lokaci ɗaya na kallo, da harshen Faransanci, da ɗaliban da ke kusa da ɗakin ɗaukar shiri. Yau tashoshi masu zaman kansu irin su Ténéré da Dounia da Bonferey suna gogayya da ta gwamnati, tauraron ɗan'adam yana kawo tashoshin waje, waya kuma ta zama akwatin kallon matasa, saboda haka babu ko ɗaya daga cikin waɗancan ginshiƙai da ya rage yadda yake.

Shirye-shiryen da suka tsaya suka dawo

University Challenge ya tsaya a 1987 bayan shekara ashirin da biyar a hannun Bamber Gascoigne, sai BBC ta dawo da shi a 1994 da Jeremy Paxman a matsayin mai gabatarwa, ba tare da ta taɓa asalin lissafinsa ba, wato maki goma ga tambayar buɗewa, tambayoyin gyara uku masu maki biyar-biyar ga ƙungiyar da ta ci, da cire maki biyar ga wanda ya katse tambaya ya kuma amsa ba daidai ba. Shirin Jeopardy! na Amurka, wanda ya fara a 1964, ya dawo a 1984 da Alex Trebek, kuma bayan shekara guda aka yi masa gyara ƙarami mai babban tasiri, aka hana masu takara danna ƙararrawa sai an gama karanta tambaya, domin mai kallo a gida ya sami damar jin ta duka ya gwada saninsa. A Nijeriya, Who Wants to Be a Millionaire ya fara a 2004 da Frank Edoho, ya tsaya a 2017 lokacin da kamfanin MTN ya janye tallafinsa, sannan ya dawo a 2022 da mai gabatarwarsa na da.

Misalin da ya fi kusa da bukatar Nijar shi ne na Ghana, inda gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, wadda aka kafa a 1993, ta tsaya a 2010 da 2011 saboda rashin mai ɗaukar nauyi, sannan ta dawo a 2012 da goyon bayan hukumar ilmi ta ƙasar da ƙungiyar shugabannin makarantu. Bayan dawowarta aka faɗaɗa ta da zagayen share fage a yankuna, makarantun da a da ba a jin sunansu suka fara fitowa, tsofaffin ɗalibai suka mai da ita abin alfahari da tsokanar juna a Facebook da sauran dandalin intanet, har ranar wasan ƙarshe ta zama ranar da ƙasar ke saurare. Ƙarfin wannan gasa ya zo ne daga makarantu da garuruwan da suke ganin nasu a ciki, kuma wannan shi ne abin da mai son farfaɗo da irinta a Nijar ya kamata ya fara nema.

Su wa za su kalla

Ƙidayar 2012 ta sami mutum 577,743 a gundumar Magarya da 353,867 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, ke nan su biyun sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar Damagaram a lokacin. Magarya tana da ƙananan hukumomi bakwai, ciki har da Bande da Waca da Yekuwa da Kwaya, Dungas kuma tana da huɗu, wato Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Yanki ne na noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, da rake a fadamu, mafi yawan mutanensa Hausawa ne tare da Fulani da Barebari, kuma yana kan iyaka da jihohin Jigawa da Katsina, ta yadda kasuwar Maigatari da hanyar Babura suke cikin rayuwar yau da kullum, naira kuma tana yawo tare da sefa. Garin Magarya yana da tazarar kusan kilomita 90 daga Damagaram, Yamai kuwa tana da wajen kilomita 900 daga Damagaram ɗin, alhali Kano ba ta kai kilomita 200 daga Magarya ba.

Wannan kusanci yana nufin cewa kunnen mutanen yankin ya saba da rediyoyin Kano da Jigawa da Katsina, idonsu kuma ya saba da finafinan Kannywood da tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, saboda haka duk sabon shiri zai yi gogayya ne da shirye-shiryen Hausa masu kyan tsari. Wutar lantarki ma ba ta kai yawancin ƙauyuka ba, wadda ke akwai kuma wani ɓangarenta daga Nijeriya take zuwa, kamar yadda aka gani lokacin da aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki har zuwa farkon 2024. Kallo a irin wannan wuri yakan kasance a gidan kallo ko a shagon mai cajin waya, inda ake tura wa mutum fim ko wa'azi ko waƙa a katin wayarsa da ɗan kuɗi kaɗan, sannan abin ya bazu ta WhatsApp. Don haka dole a tsara shirin tun farko ya fito a siffa uku, cikakke na kamar minti talatin don talabijin, na sauti zalla don Muryar Sahel da rediyoyin karkara, da gutsattsari na minti biyu ko uku marasa nauyi don waya. Siffar rediyo tana tilasta wasu ƙa'idoji, domin mai gabatarwa sai ya faɗi sunan wanda ya danna ƙararrawa da makarantarsa, ya maimaita jimlar maki a baki, a kuma rage tambayoyin da suka dogara da hoto.

Batun harshe

Tsohuwar gasa da Faransanci zalla takan bar iyaye a waje, su ga ɗansu yana magana amma ba su san ko ya ci ko ya faɗi ba sai sun ji tafi. A Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, ke nan yankin ba baƙo ba ne ga karatu da harshen gida. Sai dai ɗaliban kwaleji da lise har yanzu da Faransanci suke koyon lissafi da kimiyya, da shi kuma suke rubuta jarrabawar BEPC da ta bakaloriya, saboda haka gasar da ta watsar da shi gaba ɗaya za ta rabu da abin da ake koya a aji.

Mafita ita ce a raba aikin tsakanin harsunan biyu, mai gabatarwa ya tafiyar da shirin da Hausa, tambayoyin tarihi da labarin ƙasa da lafiya da noma su zo da Hausa, na lissafi da kimiyya kuma a karanta su da harsunan biyu a kuma karɓi amsa da kowanne. Wannan yana bukatar kwamitin kalmomi da zai daidaita sunayen abubuwan kimiyya kafin a fara ɗauka, kuma akwai inda za a samo masana, kamar cibiyar INDRAP mai shirya littattafan makaranta da Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Kwamitin zai yi la'akari da cewa ɗalibin Dungas yana iya amsawa da kalmar da ya aro daga Faransanci ko wadda ya ji a rediyon Kano, duka biyun kuma daidai ne muddin ma'anar ɗaya ce, don haka a rubuta wa alƙalan gasa dukan amsoshin da za a karɓa. Bayanin minti ɗaya da mai gabatarwa zai yi da Hausa bayan tambaya mai wuya shi ne zai mai da shirin makaranta ga wanda bai taɓa shiga aji ba.

Ƙa'idojin wasa da ingancin tambayoyi

Abin da ya kamata a riƙe daga tsohon tsari shi ne ƙungiyoyi na mutum huɗu, da ƙararrawa, da hukuncin gaggawar da ba ta da amsa, domin su ne ke haifar da zaƙuwa. Abin da za a ƙara kuwa yana nan cikin al'adar kacici-kacici ta Hausawa, inda wanda ya kasa warware tambaya yakan ba mai tambayar gari kafin a faɗa masa amsa. Ana iya gina zagaye guda a kan wannan, a raba wa ƙungiyoyin garuruwan yankin a kan taswira, duk wadda ta kasa amsa ta miƙa gari ɗaya ga abokiyar karawarta, ta yadda mai kallo zai gane wanda ke gaba ko bai bi lissafin maki ba. Gasar Ghana ma tana rufewa da zagayen kacici-kacici, inda ake ba da alamu ɗaya bayan ɗaya, makin yana raguwa daga biyar zuwa huɗu zuwa uku gwargwadon yawan alamun da aka ji kafin a amsa, tsarin da zai zauna daidai a bakin Bahaushe.

Ingancin tambaya ya fi kowane ado muhimmanci, kuma tambaya mai kyau ita ce mai amsa ɗaya tak wadda aka tabbatar daga tushe biyu, gajera a baki, wadda mai kallo zai ji yana dab da saninta. Tarihin yankin yana da wadatar irin waɗannan, daga mulkin Sarkin Damagaram Tanimu a ƙarni na 19, zuwa ƙasashen Sosebaki da Dungas da Waca suke cikinsu, zuwa shekarar 1926 da aka mai da babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai, zuwa matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 mai iya tace ganga 20,000 a rana. Akwai kuma ilmin da ke da amfani a gida, kamar alamun zazzaɓin cizon sauro da tamowa ga yara, da yadda ake adana wake kada ƙwari su ci shi, da dalilin barin gawo a gona. Abin da ya kamata a kauce masa shi ne tambayar da ke taɓa jayayyar gidajen sarauta a kan asali ko fifiko, da mas'alolin addini da malamai suka saɓa a kai, domin amsa ɗaya da aka yanke a talabijin tana iya jawo wa shirin gabar da ba zai iya ɗauka ba.

Tsani daga ƙauye zuwa babban birni

Nijar tana da gasar da ta riga ta warware matsalar nisa, wato kokowar gargajiya ta neman takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ake zagayawa da ita jiha-jiha, kuma ake tace ƴan kokowa tun daga ƙasa har kowace jiha ta fitar da gwanayenta. Abin da ke sa manomi a Malawa ya manna rediyo a kunne lokacin kokowa shi ne yana da wakili a fili, gasar ilmi ma haka take bukata. Musabaƙar Alƙur'ani ta Nijeriya, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, tana bin irin wannan tsani daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. A Magarya da Dungas, matakin farko zai kasance tsakanin kwalejojin kowace ƙaramar hukuma daga cikin goma sha ɗaya, a filin makaranta, rediyon karkara yana ɗauka, sannan zakarun su haɗu a hedikwatar gunduma, daga nan zuwa Damagaram inda tashar jiha za ta ɗauki hoto, wasan ƙarshe kaɗai ne zai bukaci babban ɗaki.

Adalci a wannan tsani yana bukatar a dubi halin da makarantun suke ciki, domin kwalejin ƙauye da ke karatu a rumfar zana, wadda sau da yawa ba a kafa ta sai an gama girbi an sami kara, ba za ta kara da makarantar kuɗi ta birni a zagayen farko ba tare da an yi mata kisan mummuƙe ba. Raba gasar zuwa rukuni biyu a matakin farko, da raba wa kowace makaranta jerin fannonin da za a tambaya tun farkon shekara, zai rage wannan rata. Makarantun Faransanci da Larabci su ma su shiga a kan ƙa'ida ɗaya, kuma a wajabta mace biyu cikin kowace ƙungiya ta mutum huɗu, tunda yankin yana cikin wuraren da ƴan mata ke barin makaranta da wuri, ganin yarinya daga Yekuwa ko Guci tana amsa tambayar lissafi a gaban jama'a kuwa hujja ce da iyaye za su gani da idonsu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, bayan an kai amfanin gona gida, kafin tsananin bazara da shirin jarrabawar ƙarshen shekara.

Kuɗi da amana

Abin da ya faru a Ghana a 2010 da Nijeriya a 2017 ya nuna cewa shirin da ya rataya a wuyan kamfani ɗaya yakan faɗi ranar da kamfanin ya sauya shawara. Ya fi aminci a raba nauyin, ma'aikatar ilmi da ƙananan hukumomi su ɗauki matakan farko da ba su da tsada, kamfanonin waya irin su Airtel da Moov da Zamani ko ƴan kasuwar yankin su ɗauki kyaututtuka da ɗaukar hoto, a kuma ƙulla yarjejeniyar shekaru uku a maimakon ta shekara guda. Kyauta ma ta fi amfani idan ta zama kuɗin karatu ga ɗalibi, da littattafai da fitilun hasken rana da kujeru ga makarantarsa, domin hakan yana sa shugaban makaranta da iyaye su ga ribar horar da yara. Shigar masu sauraro ta waya tana da kyau, amma idan aka sa kuɗi mai yawa a kan saƙo sannan aka zaɓi mai nasara ta ƙuri'a, abin ya koma caca, malamai da iyaye kuma za su juya masa baya.

Amana ita ce jarin da ba a mayar da shi idan ya zube. A Amurka, a ƙarshen shekarun 1950, an gano cewa masu shirya gasar Twenty-One suna ba wasu masu takara amsoshi a ɓoye, ciki har da Charles Van Doren, abin da ya kai majalisar dokoki ga haramta maguɗin irin waɗannan shirye-shirye a 1960, ya kuma kashe manyan gasannin kuɗi na tsawon shekaru. A wurin da kowa ya san kowa, zargin cewa an tsegunta wa ɗan wani babba tambaya ya isa ya rusa gasa, saboda haka masu rubuta tambayoyi kada su kasance malaman makarantun da ke takara, a rufe tambayoyin a ambulan a buɗe su a gaban ƙungiyoyin, a kuma tanadi alƙalai uku da hanyar ɗaukaka ƙara kafin a sanar da sakamako. Idan aka gwada wannan tsari shekara guda a gundumomin biyu, ma'aunin nasararsa zai fito a shekara ta biyu, a yawan makarantun da suka kafa ƙungiyar horo da kansu, da yawan ƴan matan da suka nemi shiga, da ko masu tura finafinai a kasuwannin Magarya da Dungas sun fara ajiye shirin saboda ana tambayarsu shi.